Babi na Bakwai: Jinga

Kafin kalmar jinga ta shigo aji, a gona da wurin gini aka san ta. Mai gona zai nuna wa ɗan ƙwadago kunyoyin da yake so a nome, daga wannan gawo zuwa waccan kuka, su yi ciniki, su sa rana. Shi ke nan mai gona ya kama gabansa. Ba ya tsayawa a kan mutum yana ƙirga masa saran fartanya, ba ya tambayar ko da asuba ya fara ko da hantsi. Abu biyu ne kawai tsakaninsu: aikin da aka yanka, da ranar da za a zo dubawa. Malaman da suka ɗauko kalmar suka ba aikin da ɗalibi ke zuwa ya yi shi kaɗai ya kawo, sun iya zaɓe. Kuma babu inda ta zauna daram kamar a karatu daga nesa, inda malami ba ya ganin ɗalibinsa sai ta abin da ɗalibin ya rubuto.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a wata cibiyar karatu ta ƙarshen mako, a azuzuwan wata sakandare da ake ara mana Asabar da Lahadi. Yawancin ɗalibaina malaman firamare ne, sai 'yan sanda biyu ko uku, da ma'aikatan asibiti, da matan aure da suka ajiye karatu shekara goma suka dawo. Wasunsu sun haife ni. A zango guda nakan ga fuskar mutum sau huɗu ko biyar, wani ma sai ranar jarrabawa. Duk da haka na san su. Na san wanda ke rubutu cikin dare bayan ya gaji, domin layukansa na gangarowa a ƙarshen shafi. Na san wadda ke tunani da Hausa tana juyawa zuwa Turanci jimla bayan jimla. Na san wanda ya haddace manyan kalmomin jarida yana neman inda zai zuba su. A kan takardar jinga muka san juna, kuma a nan ne kaɗai na taɓa koya wa yawancinsu wani abu.

Tun farkon wannan irin karatu haka abin yake. A shekarar 1840 Ingila ta fito da kan sarki na kwabo ɗaya, wanda da shi wasiƙa za ta je ko'ina a cikin ƙasar. A wannan shekarar wani malami a garin Bath mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun nan na sakatarori ta gidan waya. Ɗalibi zai ɗauki wani yanki na Baibul ya rubuta shi da alamomin, ya aika, a gyara, a mayar masa. Littattafan koyi-da-kanka sun riga Pitman zuwa duniya da daɗewa. Abin da ya ƙara shi ne dawowar takarda: ka aika, wani ya duba, ya nuna maka inda ka kauce. Da wannan tafiya da dawowa aka bambanta ɗalibi da mai karanta littafi kawai.

A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a kwalejojinta ba. Ita jarrabawa kawai take yi, koyarwar kuwa ta faɗa hannun makarantun wasiƙa irin su Wolsey Hall da ke Oxford, wadda aka kafa a 1894, da Rapid Results College daga baya. Najeriya ba ta sami kwalejin jami'a ba sai ta Ibadan a 1948, don haka akawuna da malaman makaranta da yawa ta wannan hanya suka ɗaga kansu. Mu ɗauki akawu a Kano a wancan zamani. Ya rubuta jingarsa a hasken fitilar ƙwai, ya liƙa kan sarki, takarda ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta shiga jirgin ruwa wajen mako biyu kafin ta isa Ingila, malami ya duba, ta sake biyo hanya. Kafin ya ga jan biron da aka sa masa, wata ya mutu wani ya tsaya, har ya manta abin da ya sa ya rubuta wata jimlar. Amma suka jure. Nelson Mandela ma a kurkuku ya ci gaba da karatun shari'a ta wasiƙa, har daga ƙarshe ya sami digirinsa daga jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu kafin a sake shi.

A ƙasar Hausa, makarantar da ta kai wannan tsari lungu da saƙo ita ce Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. An kafa ta a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa maƙil, malamai masu takarda ba su isa ba. Ba yadda za a yi a kwashe malaman da ke aji a kai su kwaleji, sai dai a kai musu kwalejin inda suke. A 1990 ta fara ba da NCE daga nesa. Ita kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Daga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, aka gaji haruffa ukun nan da kowane ɗalibin NOUN ya sani, TMA, wato jingar da malami ke dubawa ya ba da maki. A NOUN jinga na ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa 70. Kuma ko mutum aikin gona ya zo karanta, ko lissafin kuɗi, sai ya bi ta kwas ɗin amfani da Turanci, GST 101, a shekararsa ta farko.

Ɗalibai sukan tsaya kan makin nan 30, kuma ban ga laifinsu ba, domin shi ne sau da yawa ke raba ci da faɗuwa. Sai dai a darasin harshe jinga ta wuce maki. Tarihi ko ilimin ƙasa, mutum na iya karantawa ya gane ya riƙe shi kaɗai a ɗaki. Harshe kuwa sana'a ce ta hannu da baki, kamar ɗinki ko tuƙi. Za ka iya karanta babi guda kan yadda aikatau na Turanci ke canzawa, ka gane shi sarai, ka amsa tambayoyin da ke ƙarshensa daidai, sannan ka ɗauki biro ka rubuta sakin layi ɗaya ka yi kuskuren nan sau uku ba ka gani ba. Ba ka gani ne domin a kunnenka daidai yake. Sai wani ido ya gani.

Kuma kurakuran Bahaushe a Turanci ba na rashin kai ba ne. Suna da tushe, kuma tushen Hausa ce. Mukan ce ya tafi, zai tafi, yakan tafi, sun tafi: kalmar tafi ba ta motsa ba, lokacin aikin yana jikin ɗan wakilin da ke gabanta. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake juyawa, go, goes, went, gone. Shi ya sa mai digiri ma zai rubuta he go, ko kuma don gudun wannan ya zarce ya rubuta did he went. Muna cewa ara mini, da na ara, duk da kalma ɗaya, sai ɗalibi ya rubuta borrow me a inda Turanci ke son lend. Kalmarmu ji ta ɗauke sauraro da ƙamshi da ɗanɗano da ciwo, sai ka ga I am hearing smell. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, Bature kuwa kowanne da aikatau ɗinsa. Ga ƙananan kalmomin Turancin nan, “a” da “the”, waɗanda ba su yi daidai da yadda muke nuna sananne da baƙo ba, kullum ko dai a bar su inda ake bukatarsu ko a cusa su inda ba su da aiki. Ga p da f, da muke ɗauka matsalar baki ce kawai, alhali tana bin mutum har takarda: defend ya zama depend, fast ya zama past, kuma waya ba za ta ja masa jan layi ba, domin dukansu kalmomi ne na gaskiya. Akwai kuma inda muka fi maƙwabtanmu sauƙi. Bahaushe da wuya ya rikita he da she, domin harshensa ya raba shi da ita, har ma kai da ke, abin da Yarabanci da Ibo ba su yi ba.

Littafin kwas da aka rubuta wa ɗaliban ƙasa baki ɗaya ba zai san cewa kai, musamman, p da f ne ke kayar da kai ba. Jingarka ce za ta faɗa.

Wanda ya yi zaman tsangaya ba ya bukatar dogon bayani a nan. Gardin da ya kai matakin satu yakan rubuta allonsa da ka, ya kawo wurin darasu, a bi shi aya bayan aya a gaban alaramma. Wasalin da ya ɓace, ɗigon da ya ƙaru, harafin da aka tsallake, duk sai an tsaya a kansa an gyara. Ba ya wanke allon sai ya zauna masa. Ba a taɓa jin gardin da ya ba wani ya yi masa satu sannan ya kawo darasu ba, domin amfanin zaman gaba ɗaya shi ne a kama kuskuren da ke kansa shi. Allon da wani ya rubuta zai fita lafiya, mai shi ya koma da kuskurensa cikin kai.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a shekarun da na yi ina duba takardu. Jingar saye ta zama kasuwa. A kusa da cibiyoyin karatu akwai shagunan intanet da za ka ba yaro lambarka da kuɗi, ya yi maka komai. A zaurukan WhatsApp amsoshi na yawo tun kafin wasu su buɗe tambayar. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan'uwanta na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda cikin daƙiƙoƙi za su ba ka shafi uku na Turanci mai santsi. Da farko na ɗauka lalaci ne kawai ke kai mutane can. Wani dattijo ne ya gyara mini tunani.

Hedimasta ne a wata firamare ta ƙauye, gemunsa ya yi fari, yana zuwa a kan babur tun da sassafe. Jingarsa ta farko ta zo tas, ba kuskure ko ɗaya, da kalmomin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Bayan an tashi na roƙe shi ya ɗan tsaya. Na ce, “Ranka ya daɗe, ina so mu bi sakin layin nan tare.” Ya dubi takardar ya daɗe, sannan ya ce, “Malam, ba sai mun bi ba. Ɗan ƙanena ne ya yi. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, yaran da na koyar wasu sun zama likitoci. In kawo maka takarda cike da kuskure, da wane ido zan dube ka?”

Kunya ce. Yaro ɗan sakandare ba ya jin komai in an cika masa takarda da jan biro, ya saba. Babba mai iyali, wanda ake gaisarwa a durƙushe a garinsu, nuna rauninsa ga wanda bai kai shi shekaru ba abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma Turanci a ƙasar nan ya daɗe yana zama ma'aunin da ake auna wayewar mutum da shi, ko da ba daidai ba ne. Na ce masa, “Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni aikina ke nan, kuma ba wanda zai ga takardar nan sai ni. Ka rubuto mini shafi ɗaya da hannunka, ko yaya ya fito.” Ya ce zai gwada.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa kowa kan jingar farko musamman. Masu nazarin karatu daga nesa sun daɗe da lura cewa kaso mai yawa na waɗanda ke barin karatu, kafin su miƙa jingar farko suke ɓacewa. Ba sa zuwa su ce sun bari. Ranar ce ke wucewa ba su kawo ba, sai kunyar rashin kawowa ta hana su zuwa mako na gaba, sai ta biyu ta taras da su, sai littattafai su koma ƙarƙashin gado. Wanda ya miƙa ta farko, ko maki huɗu ya samu cikin goma, ya riga ya shiga. Ya ga an duba, duniya ba ta tashi ba.

To yaya ake yin ta? Aikin yana farawa ne daga tambayar, kuma a nan aka fi asarar maki, tun kafin a zo ga nahawu. A ce an ba da littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, aka ce a tattauna yadda tsoro ke tuƙa Okonkwo. Cikin takardu goma, bakwai za su ba ni labarin littafin daga kokawar farko har ƙarshe. Sun karanta, sun kuma riƙe, amma ba abin da aka tambaya ke nan ba. Mun taso da tatsuniya da labari, bakinmu ya saba da sai ya yi kaza, sai aka yi kaza, kuma wannan baiwa ce. Jingar jami'a kuwa hujja take nema: me kake cewa, kuma me ya nuna haka a cikin littafin? Kalmar da tambaya ta buɗe da ita umarni ce. Discuss na son ka juya magana ta fuskoki fiye da ɗaya. Compare na son ka riƙe abubuwa biyu a tare kana auna su, ba ka gama da ɗaya sannan ka ɗauko ɗayan ba. To what extent na son ka yanke hukunci ka tsaya a kansa. Nakan ce wa ɗalibai su fassara tambayar da Hausa, su faɗa wa wani a gida da baki. In ba ka iya faɗin abin da ake nema da harshenka ba, ba ka shirya rubuta shi da harshen wani ba.

Ban hana kowa tunani da Hausa ba, kuma ina ganin kuskure ne a hana. Tsara hujjojinka da Hausa in a nan kanka ya fi aiki, ka jera su a gefen takarda. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɗauko jimlar Hausa ɗungurungum a sa mata rigar Turanci. In an zo rubutu, a yi gajerun jimloli, kowace da mai aiki da aikinsa, a sa aya. Jimlar Hausa na iya tafiya da sai da kuma har rabin shafi ba ta gaji ba. Ta Turanci in ta yi tsawo a hannun mai koyo, kan ta kai ƙarshe ta manta da wanda ta fara. Kalma ƙarama da ka san ta sosai ta fi babba da ka tsinta jiya. In kuma ka ɗauko maganar wani, daga littafin kwas ko daga intanet, ka sa ta cikin alamar zance ka faɗi mai ita. Mu da muka gaji al'adar isnadi, inda ba a karɓar magana sai an san daga bakin wa ta fito, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Sannan a bar rubutun ya kwana. Da safe a karanta shi da ƙarfi, a hankali, yatsa na bin layi. Kunne na kama abin da ido ya tsallake. Wanda ya san kurakuransa sai ya bi takardar sau ɗaya don su kaɗai: wannan zagaye na s ɗin ƙarshen aikatau ne, wannan na p da f.

Duk wannan na bukatar lokaci, kuma lokaci ne abin da ɗalibin nesa ba shi da shi. Ba ɗan makaranta ba ne da aka ɗauke wa komai. Malamar firamare na tashi daga aji ta shiga kicin, ranar girkinta ba ta da dare. Manomi in damina ta kama ba ya ganin littafi. Ga azumi, ga biki, ga rasuwa da za ta ɗauke kwana uku ko bakwai ba shiri. Waɗanda na ga sun kai gaci, kusan dukansu sun yanki wani ɗan lokaci ƙarami sun kafe a kansa, galibi bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Minti arba'in kullum na gama jingar da daren ƙarshe ba zai gama ba. In kuwa larura ta faɗo, a sanar da malami kafin ranar, ba bayanta ba. Neman ƙarin lokaci tun da wuri abu ne da tsarin ya sani. Shiru ne ba shi da magani.

Miƙawa kanta wani aiki ne, kuma na ga wahalar mako uku ta salwanta a nan. Takarda ba suna, ko da suna ba lambar ɗalibi, ko lambar kwas ɗin bara. A zamanin takarda nakan ce kowa ya yi hoton jingarsa kafin ya miƙa, ya kuma sa hannu a rajista, domin takardu na ɓacewa tsakanin cibiya da ofis, kuma in ta ɓace kai ne za ka sake. Yanzu da ake turawa ta intanet, hatsarin ya canza kama ne kawai. Ranar ƙarshe kowa ke rububin shiga, shafi ya yi nauyi, sabis ya ɗauke, wuta ta tafi da cajin waya. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya na sa ƙarfe 12 na rana a matsayin wa'adi, sannan ta bar ƙofa a buɗe har tsakar dare saboda irin wannan tangarɗa, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Mu da muka san halin da muke ciki, kwana biyu ya kamata mu ba kanmu. A tura, a jira saƙon da ke nuna ya shiga, a ɗauki hotonsa a ajiye. A buɗe fayil ɗin da aka tura a tabbata shi ne na ƙarshe, ba wanda aka fara ba.

Jinga dai yarjejeniya ce ta mutum biyu, kuma ba adalci ba ne in ɗora wa ɗalibi nauyin duka. Mai gonar da ya yanka aiki bai zo dubawa ba ya karya nasa ɓangaren. A farkon shekarun 1970 wani mai bincike a Norway, Torstein Rekkedal, ya gwada abu ɗaya a makarantar wasiƙa ta NKI: ya rage kwanakin da takarda ke yi kafin ta koma hannun ɗalibi, daga kwana takwas da ɗoriya zuwa biyar da ɗoriya. Waɗanda suka kammala kwas ɗin suka tashi daga kashi 69 cikin 100 zuwa kashi 91. Kwana uku kacal. Mutumin da ke karatu shi kaɗai yana jiran amsa kamar mai jiran saƙo daga gida, in ta daɗe zuciyarsa na sanyi. Takardar da aka mayar bayan jarrabawa ba ta koyar da kowa komai ba.

Abin da aka rubuta a kanta ma haka. Lamba a cikin da'ira da kalma ɗaya, good ko poor, ba gyara ba ne. Cika takarda da ja har mai ita ya kasa ganin rubutunsa shi ma ba gyara ba ne, musamman ga irin dattijon nan. Börje Holmberg, masanin Sweden da ya yi rayuwarsa a wannan fage, ya ɗauki karatu daga nesa a matsayin hira ce tsakanin malami da ɗalibi, hira mai jagora, ko da ba su haɗu ba. Ni abin da aiki ya koya mini shi ne in zaɓi kurakurai biyu ko uku da suka fi maimaituwa, in nuna su, in rubuta daidai ɗin sau ɗaya, in bar sauran wuraren ga mai takardar ya nemo. In kuma faɗi abin da ya yi kyau, takamaimai, domin shi ma ilimi ne mutum ya san inda ƙafarsa ta taka daidai.

A nan ne nake da ja da yadda abubuwa suka koma. A manyan makarantun nesa da yawa, jinga ta zama tambayoyin zaɓi-ɗaya da kwamfuta ke dubawa nan take, ko da sunan malami na nan a jikin haruffan. Na fahimci dalili. Ɗalibai dubu ɗaruruwa, malamai ƙalilan, ba wanda zai karanta wa kowa shafi uku cikin mako biyu. Kuma irin waɗannan tambayoyi na da amfaninsu wajen tilasta wa mutum ya buɗe littafi. Amma ba a koyon rubutu da danna A ko B. Mutum na iya samun 30 cif, ya fita da digiri, a ce ya rubuta wasiƙar neman aiki hannunsa ya ɗauki rawa. Ɗalibin da ya sami kansa a irin wannan tsari sai ya yanka wa kansa jingar da makaranta ba ta yanka masa ba: shafi ɗaya kowane mako, ya nemi wanda zai duba, malamin Turanci na sakandaren unguwa, ko abokin karatu su yi musaya. Ko na'urar nan ta ƙirƙirarriyar basira, in ya rubuta nasa da kansa tukuna sannan ya ce ta nuna masa kurakurai ta faɗi dalili, ta zama mai darasu. In ita ta rubuta, ta zama ɗan ƙanen hedimasta.

Bayan mako biyu dattijon ya dawo. Ya jira har kowa ya fita, ya zaro takarda daga aljihun babbar riga, an ninke ta huɗu. Shafi ɗaya da rabi ne, da biro shuɗi, kan ranar da rufin ajinsu ya yaye da iskar farkon damina. Kurakurai sun kai ashirin. Amma akwai yaran da suka kwashi allunan kwano suna gudu da su, akwai shi yana ƙirga kawuna a ƙarƙashin dalbejiya, kuma kowace jimla tasa ce. Na zauna a gefensa na ja layi a ƙarƙashin abu biyu kawai, aikatau na abin da ya wuce, da p da f. Na rubuta masa a ƙasa cewa sakin layi na biyu ya sa na ga wurin da idona.

Ya karanta abin da na rubuta sau biyu. Ya ce, “Malam, sauran fa? Na san ba su ke nan ba.”

Na ce, “Suna nan, Baba. Sai jinga ta gaba.”

Ta gaban ta zo kwana uku kafin wa'adi. Went ɗinsa duk sun zauna daidai, ban da guda ɗaya a layin ƙarshe, wanda shi da kansa ya soke ya gyara a sama kafin ya kawo.